Kuɗin tsaro a majalisa: wa ya ce e, wa ya ce a'a?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Zamfara ne, kuma ka san halin da muke ciki. Kullum na kunna rediyo sai in ji wai majalisa ta amince da biliyoyi domin tsaro, wani lokacin ma yau a kawo takarda jibi an gama. Wai shin yaya ake yin abin nan ne? Suna karantawa kuwa? A ina zan ga ko sanatanmu ya yarda ko bai yarda ba? In kuma suka ce ba su yarda ba, shugaban ƙasa zai iya kashe kuɗin?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya kawo muku ɗauki, Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa baki ɗaya. In na fahimce ka kana so ka san hanyar da kuɗin tsaro ke bi kafin ya zama doka, sannan ka san inda naka wakilin ya tsaya a ranar da aka yi abin. Na yi shekara takwas ina aikin hadimin ɗan majalisa a Abuja, irin mu ne masu ɗaukar fayil, masu karanta takardun da oga bai samu lokacin karantawa ba, masu zama a kujerun baya a ɗakin kwamiti har sai an ce mu fita. Ni ba lauya ba ne, abin da na gani da wanda na karanta a kundin tsarin mulki zan faɗa maka.

Bari in fara da wadda za ta fi ɓata maka rai. Sunan sanatanku ba za ka gan shi a ko'ina ba, ba wai ɓoyewa aka yi ba, a'a, ba a rubuta ba ne tun farko. Zan zo kan dalili, amma sai ka fara ganin yadda takardar ke tafiya tukuna.

Ta ina kuɗin ke shigowa

A Najeriya ba kasafai ake yin wata doka ta daban mai suna dokar kuɗin tsaro ba. Yawanci yana cikin babban bajet na shekara ne, ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, 'yan sanda, ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro da sauransu, wani kuma yana cikin wani babban kwando da ba na ma'aikata ɗaya ba, inda a da za ka ga layin kuɗin Operation Lafiya Dole. In shekara ta yi nisa kuɗi bai isa ba ko wata buƙata ta taso sai shugaban ƙasa ya aiko da ƙwarya-ƙwaryar kasafi, kuma shi ne wanda kake ji ana gamawa cikin kwana biyu. Akwai kuma neman izinin cin bashi, kamar yadda Jonathan ya nemi dala biliyan 1 a watan Yulin 2014 domin yaƙi da Boko Haram, majalisar dattawa ta amince a watan Satumba.

Tushen abin duka sashe na 80 ne na kundin 1999, wanda ya ce ba a cire ko kwabo daga asusun gwamnatin tarayya sai da izinin majalisa. Sashe na 81 kuma shi ya ɗora wa shugaban ƙasa alhakin kawo lissafin. Ka ga kenan sanatanku ba zai tashi da safe ya rubuta bajet ɗin sojoji ba, nashi shi ne ya jira a kawo, ya duba, ya rage ko ya ƙara ko ya ƙi.

Kwana uku a 2023

Mu ɗauki misali guda da kowa zai iya tunawa. Ranar Talata 31 ga Oktoban 2023 aka karanta wasiƙar Tinubu a zaurukan biyu, yana neman ƙwarya-ƙwaryar kasafi na naira tiriliyan 2.17, kuma ministan kasafi Atiku Bagudu ya ce biliyan 605 a ciki na tsaro ne, shi ne kaso mafi tsoka. Ranar Alhamis 2 ga Nuwamba dattawa da wakilai duk sun amince, ranar 8 ga wata shugaban ƙasa ya rattaba hannu. To yaya aka yi?

A ƙa'ida ƙuduri karatu uku yake yi. Karatu na farko sunan kawai ne, akawun majalisa zai karanta taken ƙudurin, ba muhawara ba komai, bai kai minti ɗaya ba. Karatu na biyu a nan ake muhawara, amma kan manufar ƙudurin gaba ɗaya, ba kan layi-layi ba, wato za ka iya tashi ka ce tsaro ya taɓarɓare a mazaɓarka kuma sojoji na buƙatar kayan aiki, amma ba wurin da za ka ce me ya sa motar nan aka sa mata kuɗi kaza ba ne. Bisa dokokin zaure ya kamata a samu tazara tsakanin karatu da karatu, sai dai shugaban masu rinjaye yana iya miƙewa ya nemi a jingine wannan doka saboda gaggawa, na marasa rinjaye ya mara masa baya, a buga guduma, shi kenan an haɗa karatu biyu a zama ɗaya. Ba haramun ba ne, dokokin zauren nasu ne, su suka rubuta kuma su ke da ikon ɗage su.

Daga nan sai a miƙa wa kwamitin kasafi, a lokacin Solomon Adeola ne shugaba a dattawa, Abubakar Kabir Bichi a wakilai. Laraba ministoci da shugabannin hukumomi suka zo kare abin da suka nema, Alhamis aka ajiye rahoto. Sai zauren ya rikiɗe ya koma kwamitin duba kuɗi, za ka ga an sauke sandar majalisa zuwa ƙasa, shugaban ya sauko daga kujerarsa, daga lokacin ba shugaban majalisa ake ce masa ba, ciyaman ne, sai ya bi sassan ƙudurin ɗaya bayan ɗaya yana tambaya ana amsawa yana buga guduma. In ka taɓa kallo a NTA za ka ga abin kamar mai gwanjo. A koma zaure, karatu na uku, an wuce wurin. In abin da dattawa suka amince da shi ya bambanta da na wakilai dole a kafa kwamitin daidaitawa domin takarda ɗaya tak ake kai wa shugaban ƙasa, shi ya sa a irin wannan gaggawar kwamitocin biyu ke haɗa kai tun kafin su kai rahoto, don kada lissafi ya saɓa.

Ka tambaya ko suna karantawa. Gaskiya tsakani da Allah, mutum 469 ba za su karanta irin wannan takarda cikin dare biyu ba, ciyaman da akawun kwamiti da wasu tsiraru ne ke sanin abin da ke ciki. Kuma a wannan kasafin dai aka ga misalin da ya fi kowane, wato jirgin ruwan alfarma na shugaban ƙasa na kusan naira biliyan 5 da aka saka ƙarƙashin rundunar sojan ruwa. Jaridu da 'yan soshiyal midiya suka yi ca a kai, ana tsakiyar raɗaɗin cire tallafin mai, sai kwamitin wakilai ya ce ya cire kuɗin ya mayar kan bashin karatu na ɗalibai, ya tashi daga biliyan 5.5 zuwa 10. Fadar shugaban ƙasa ta ce ai jirgin aiki ne na sojan ruwa kuma tun gwamnatin baya aka yi odarsa, Sanata Ali Ndume kuma ya fito ya ce an riga an kawo jirgin, kuɗin ne ba a biya ba. Ni abin da na ɗauka a nan, layin da ya samu matsala shi ne wanda kowa ya gane sunansa. Jirgin ruwa kowa ya san shi. Amma layin da aka rubuta sayen makamai da harsasai, biliyan kaza, a dunƙule, wa zai ce ya yi yawa ko ya yi kaɗan?

Ɗakin kwamiti, inda ake yin ta

Duk abin da kake gani a zaure biki ne, an riga an ɗaura auren a ɗakin kwamiti. A babban bajet kowane kwamiti ne ke duba nasa, akwai na tsaro, na sojan ƙasa, na sojan sama, na sojan ruwa, na 'yan sanda, na tsaron ƙasa da bayanan sirri, kowanne ya kira hukumarsa, sannan ya kai rahoto ga kwamitin kasafi ya haɗa. Yadda zaman ke tafiya kusan iri ɗaya ne kullum. Ciyaman ya yi jawabin maraba, hafsa ya miƙe ya karanta nasarori da ƙalubale, a ɗauki hoto, sai ka ji ciyaman ya ce 'yan jarida a ba mu wuri. Sau da yawa mu ma hadimai tare ake kora mu. Don haka abin da ake faɗa bayan an rufe ƙofa ban taɓa ji da kunnena ba, sai abin da oga ya ga damar faɗa a mota.

Kuma kada ka ɗauka ina cewa sirrin duk ƙarya ne. Ba za a zauna gaban kyamara a ce ga yawan harsashin da ya rage a Maiduguri ko ga irin na'urar da za a saya don bin wayar 'yan bindiga ba, wannan kam hauka ne. Matsalar ita ce mayafin da aka ɗinka don rufe abu ɗaya ya zama yana rufe gida duka. Gyaran bariki, ginin ofis, motocin manya, kuɗin tafiye-tafiye, kayan ɗaki, duk sai su shige ƙarƙashin kalmar tsaro, alhali babu wani sirri a buhun siminti. Ita kanta dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta cire kayan da suka shafi tsaron ƙasa daga ƙa'idojinta sai in shugaban ƙasa ya ba da izini, to ka ga ƙofa biyu kenan a rufe, ta shiga da ta fita.

Akwai wata shekara da na kwana ina kwatanta bajet ɗin wata hukuma da na shekarar da ta gabata, ba zan ambaci sunanta ba, na tarar da wani aikin gini da ya fito sau biyu a jere da kuɗi kusan iri ɗaya. Na rubuta wa oga tambaya a kai, na ja mata layi da jan biro. Da aka fito na ce ranka ya daɗe ka yi tambayar? Ya ce bai yi ba. Wai kafin a zo kansa wani ya riga ya yi jawabi mai taɓa zuciya kan sojojin da aka kashe a makon, ɗakin ya yi tsit, ya ce in ya ɗaga hannu a lokacin ya fara maganar siminti gobe za a ce shi ne ba ya son a yaƙi 'yan ta'adda, kuma mazaɓarsa na cikin wuraren da ke roƙon a kai musu sansani. Na ji haushi a ranar, amma daga baya na gane ba ragwanci kaɗai ba ne, mutumin da ke roƙon a turo wa ƙauyensa sojoji da wuya ya ɗaure fuska ga wanda zai turo su. Ni ma kuma da nawa laifin, domin da na bincika sosai sai na ga aikin na iya zama an sa shi a bara amma ba a saki kuɗin ba, shi ya sa aka maimaita. Wannan ma wani abu ne da ya kamata ka riƙe: amincewa da kuɗi daban, sakin kuɗi daban. Abin da ka ji a rediyo izini ne kawai, ba alat ba ne. Albashi ana biya, amma ɓangaren manyan ayyuka da sayen kaya sau da yawa ba ya fita duka.

Wani abin kuma, kada ka zaci majalisa rage kuɗin tsaro take yi. A 2021 Buhari ya aiko da ƙwarya-ƙwaryar kasafi na biliyan 895.8, akasari don kayan yaƙi da rigakafin korona, majalisa ta mayar masa da biliyan 982.7 a watan Yuli. Ƙari aka yi na kusan biliyan 87. Hukumomi kan zagaya su samu kwamitocinsu su ce abin da aka ba mu bai isa ba, su kuma su ƙara.

To maganar ƙuri'a

Ga inda sunan sanatanku ya ɓace. Kusan komai a majalisar tarayya da ƙuri'ar murya ake yanke shi. Shugaba zai ce masu goyon baya su ce "ai", wato e da Turancin majalisa, a amsa, masu adawa su ce "ne", wato a'a, a amsa ko a yi shiru, sai ya ce masu ai sun yi rinjaye, ya buga guduma. Kunnensa ne ma'auni. Babu mai ƙirga hannu, babu mai rubuta suna, wanda ya yi ihu da wanda ke danna waya da wanda ya fita sallah duk ɗaya ne a takarda.

Kuma ba a buƙatar mutane da yawa. Sashe na 54 ya ce kashi ɗaya bisa uku ya isa a yi zama, wato sanata 37 cikin 109, wakilai 120 cikin 360. Sashe na 56 kuma ya ce ƙaramin rinjaye na waɗanda ke wurin kuma suka kaɗa ƙuri'a shi ke yanke hukunci, shugaba ba ya jefa tasa sai in an yi kunnen doki. Yi lissafi da kanka, a takarda sanata 19 sun isa su wuce da tiriliyoyi.

Akwai hanyar tilasta ƙirga. Ɗan majalisa na iya ƙalubalantar hukuncin shugaba ya nemi a raba zaure, a kira suna ɗaya bayan ɗaya kowa ya tashi ya faɗi matsayinsa. An yi haka a watan Yulin 2021 kan batun tura sakamakon zaɓe ta na'ura, lokacin da Enyinnaya Abaribe ya kafe, aka samu 52 da 28, kuma washegari jaridu suka buga sunan kowa har da waɗanda suka sulale ba su zo ba. Na'urar kaɗa ƙuri'a ma akwai ta, da ita aka yi gyaran kundin tsarin mulki a watan Maris na 2022. To ka ga ba kayan aiki ne babu ba. A shekarun da na yi a can ban taɓa ganin an raba zaure kan kuɗin tsaro ba, dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne, babu wanda yake son sunansa ya fito a jerin masu a'a ranar da aka kai hari, kuma babu wanda yake son ya fito a jerin masu e ranar da badaƙala ta fashe, irin ta dala biliyan 2.1 na makamai da aka fara bincike a 2015. Ƙuri'ar murya ta rufa wa kowa asiri, masu mulki da 'yan adawa.

Abin ya kai har inda kundin da kansa ya nemi adadi. Da Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci a jihar Ribas a watan Maris na 2025, sashe na 305 ya ce sai kashi biyu bisa uku na dukan 'yan kowane zaure sun amince, wato sanata 73 da wakilai 240, amma da murya aka yi. Lauyoyi da dama sun yi ta tambaya yaya kunne zai auna kashi biyu bisa uku. In an yi haka a inda doka ta faɗi lamba, ina ga bajet da ƙaramin rinjaye ya isa.

Don ka ga bambanci, dubi Amurka a 2024. Kuɗin tsaro na dala biliyan 95 na taimakon Yukren, Isra'ila da yankin Taiwan ya maƙale wata da watanni. Dattawansu sun amince tun watan Fabrairu da 70 da 29, kakakin wakilai Mike Johnson ya ƙi kawo shi zaure saboda 'yan jam'iyyarsa, daga ƙarshe ya yanka shi gida huɗu don kowa ya zaɓi wanda yake so ya ƙi wanda ba ya so. Ranar 20 ga Afrilu na Yukren ya samu 311 da 112, na Isra'ila 366 da 58, aka sake ɗinke su aka kai dattawa suka wuce da 79 da 18, Biden ya sa hannu ranar 24. Ba ina yabon abin da suka yi da kuɗin ba ne, wannan magana ce ta daban kuma ka san ra'ayin mutanenmu kan ɓangaren Isra'ila. Abin da nake nuna maka, duk wanda ke wani ƙauye a can zai iya buɗe intanet ya ga sunan wakilinsa da abin da ya danna, ya tare shi da shi lokacin kamfe. Su ma suna yin ƙuri'ar murya a ƙananan abubuwa, amma kundinsu ya ce in kashi ɗaya bisa biyar na waɗanda ke zaure suka nema dole a rubuta sunaye.

In suka ƙi fa?

A takarda, in majalisa ba ta amince ba babu kuɗi. Akwai 'yan ƙofofi da kundin ya bari. Sashe na 82 ya ba shugaban ƙasa damar ci gaba da kashe kuɗin tafiyar da gwamnati har wata shida in bajet bai fito ba, gwargwadon na bara, don kada albashin soja ya tsaya saboda rigimar 'yan siyasa. Sashe na 83 kuma ya yi tanadin asusun ko-ta-kwana, a ciro a yi gaggawa sannan a kawo takarda a mayar. In zaure ɗaya ya amince ɗaya ya ƙi, sashe na 59 ya ce kwamitin kuɗi na haɗin gwiwa ya zauna, in ya gagara a haɗa zaurukan biyu wuri ɗaya a yanke. In kuma shugaban ƙasa ne ya hau kujerar na-ƙi, bayan kwana 30 za su iya haɗuwa su tsallake shi da kashi biyu bisa uku.

A aikace kuwa mun ga abin da ya faru a 2018. A watan Disambar 2017 gwamnoni suka amince a ciri dala biliyan 1 daga asusun rarar ɗanyen mai domin tsaro, Fayose na Ekiti yana ta faɗin shi bai yarda ba. Sai a watan Afrilun 2018 Buhari ya rubuto wa majalisa cewa ya riga ya ba da izinin cire dala miliyan 496 an biya Amurka kuɗin jiragen yaƙi 12 samfurin Super Tucano, saboda wa'adin biya da aka ba Najeriya zai ƙare, yana neman su saka a bajet. Wato an yanka an ci sannan aka zo neman bismilla. Zamanin Saraki da Dogara ne, majalisar da ba wanda zai kira ta 'yar amshin shata, aka yi zafi sosai, Sanata Matthew Urhoghide na Edo ya kawo maganar sashe na 143, wato tsigewa, aka miƙa wa kwamitin shari'a, daga nan maganar ta bi ruwa. Jiragen kuma sun zo, shida na farko sun sauka a Kano a watan Yulin 2021, sauran suka biyo baya a shekarar.

Ra'ayina a kai, kuma na san wasu abokaina ba su yarda da ni ba: jiragen ana buƙatarsu, amma hanyar ba daidai ba ce. Majalisar da ke iya gama tiriliyan biyu cikin kwana uku ba za a ce ba za ta iya duba wasiƙa ɗaya kafin wa'adi ya cika ba. Kuma duk wanda ya yi tafi saboda yana son Buhari ya tuna cewa ƙofar da aka buɗe ba a rufe ta ba da ya sauka.

Shi kuma ɗan majalisar da ya ɗaga murya kan lissafin bajet, tarihi bai ba shi ƙwarin gwiwa ba. Abdulmumin Jibrin ya yi maganar cushe a bajet a 2016 aka dakatar da shi zaman majalisa 180. Abdul Ningi ya yi hira da BBC Hausa a watan Maris na 2024 kan kasafin shekarar na tiriliyan 28.7, aka dakatar da shi wata uku. Ko sun yi gaskiya ko ba su yi ba, sauran sun ga abin da ya same su.

Abin da za ka iya bi

Tunda ƙuri'a ba ta da suna, sai ka nemi sawunsa a wani wurin. Fara da sanin kwamitocin da sanatanku da ɗan majalisar wakilanku suke ciki, in ɗayansu na cikin na kasafi ko na soja ko na 'yan sanda to yana cikin ɗakin da ake rufe ƙofa, ba shi da uzurin cewa bai sani ba. Hansad, wato rubutaccen bayanin duk abin da aka faɗa a zaure, zai nuna maka ko ya yi magana ranar karatu na biyu da abin da ya ce, yanzu ma ana saka zaman kai tsaye a YouTube. Dokar kasafin kanta ofishin kasafi na tarayya na ɗora ta a shafinsa, takarda ce mai kauri amma in ka sauke a waya ka rubuta sunan ƙaramar hukumarku a wurin bincike za ka ga ko an sa muku ofishin 'yan sanda ko sansani ko hanya, da hukumar da aka ba aikin. In ka ga layi, sai ka je ka ga ko akwai bulo a wurin.

Ƙarfin majalisa na gaske bayan an ba da kuɗi yake, sashe na 88 ya ba su ikon binciken yadda aka kashe, sashe na 89 ya ba su ikon kiran kowa, rahoton babban mai binciken kuɗi kuma yana zuwa kwamitin asusun gwamnati wanda bisa al'ada ɗan adawa ke shugabanta. To ranar da ya zo gida ta'aziyya ko rabon taki, tambayar da za ku yi masa ba ka ce e ko a'a ba ce, zai ce maka e ya wuce. Ku tambaye shi nawa aka saki daga abin da aka amince bara, sau nawa kwamitinsa ya taka ƙafa zuwa sansanonin da ke jiharku, kuma ko zai yarda ya miƙe ya nemi a raba zaure a bajet mai zuwa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ma ta ba ka damar rubuta wa hukuma, kwana bakwai take da shi ta amsa, sai dai in abin ya taɓa makamai za su fake da sashen da ya keɓe harkar tsaro, don haka ka tsaya kan gini, hanya da motoci.

Wani abu na ƙarshe tunda daga Zamfara kake, kada ka haɗa wannan da kuɗin tsaron da gwamna ke riƙewa. Wancan a bajet ɗin jiha yake, majalisar dokokin jiha ce ke amincewa da shi a Gusau, sanata ba shi da hannu a ciki, don haka tambayarsa sai ka kai wa ɗan majalisar jiha na mazaɓarku.